Ƙugiyar da ke ɓacewa a littafin waya: nauyin gyara yana kan wa?

A Damari, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Sabuwa da maƙwabtanta Faskari da Ɗandume, littafin Hausa yakan iso hannun mai karatu a yau ta cikin waya. Wani a WhatsApp aka turo masa, wani wurin mai cajin waya ya je aka zuba masa a memori tare da wa'azi da fina-finai, wani kuma abokinsa ne ya tura masa ta Xender ba tare da an taɓa data ba. Duk wanda ya saba buɗe irin waɗannan littattafai ya san abin da yakan tarar. A wani shafin, inda ya kamata a ga ƙ sai a ga ɗan akwati fanko ko alamar tambaya. A wani kuma harafin ya fito, amma ya fi 'yan'uwansa kauri ko siranta, har ido ya riƙa tuntuɓe da shi a tsakiyar kalma. Akwai littafin da za ka ga an rubuta "}asa" da "]aya" da "~angare", akwai wanda za ka ga "qasa" da "xaya" da "vangare". Mafi yawa kuwa an share ƙugiyar ne gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, faɗa ya koma fada, an bar mai karatu yana lalube.

Shawarar da masu ilimin na'ura suka fi bayarwa ita ce mai karatu ya sa wa na'urarsa samfurin haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, wato ya sauya zanen haruffan da na'urar ta zo da shi daga kamfani. Shawara ce mai kyau, tana aiki, kuma ya kamata kowane malamin Hausa ya san yadda ake yin ta. Sai dai rabin magani ce, kuma rabin da ya fi sauƙi. Ƙugiya tana iya salwanta a hannun wanda ya buga rubutun, tana iya salwanta a cikin fayil ɗin da aka ajiye shi, tana iya salwanta a fuskar na'urar da ke nuna shi. Sauya samfurin haruffa na ƙarshen kaɗai yake gyarawa. Hujjar wannan rubutu ita ce nauyin gyara ya fi rataya a wuyan masu yin littafi, marubuta da maɗaba'u da hukumomin ilimi, kuma ba daidai ba ne a jibga shi a kan ɗalibin da ke zaune a Damari ba kwamfuta, wani lokacin ma ba sabis.

Sai an san yadda harafi ke zama a cikin na'ura kafin a gane inda gizo ke saƙar. Kwamfuta da waya ba su san ƙ ba, lamba suka sani. Akwai tsarin duniya mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, da ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa: ƙaramin ƙ lambarsa U+0199, ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƴ da ake amfani da ita a Nijar tana da U+01B4. Littafin da aka buga daidai waɗannan lambobi yake ɗauke da su. Samfurin haruffa kuwa tarin zane ne, kowace lamba da zanenta. Idan na'ura ta ci karo da lambar da babu zanenta a samfurin da aka zaɓa, sai ta aro daga wani samfurin, shi ya sa harafin ke fitowa daban da maƙwabtansa. Idan ba ta sami inda za ta aro ba, sai ta ajiye akwatin nan. Wani abu da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda aka rarraba haruffanmu a jadawalin Unicode. Ƙ babba da ƙarama, da Ɓ da Ɗ manya, suna rukunin ƙarin haruffan Latin na biyu, amma ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni daban na alamomin furuci da masana harsuna ke amfani da su. Mai zana haruffa a Turai ko Amurka, wanda ke auna kasuwarsa da Faransanci da Jamusanci da yaren Poland, yakan tsaya tun bai kai rukunin da Ƙ take ba, balle na alamomin furuci da yake ɗauka na masu bincike ne kaɗai. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Kano zuwa Maraɗi, daga Kumasi zuwa Sudan, sai ya zama abin da aka tsallake ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Ko alamar naira, ₦, takan faɗa wannan rami a samfura da yawa, kuma Fulatanci, da ake ji a kasuwannin wannan yanki kullum, yana amfani da ɓ da ɗ da ƴ ɗin nan, don haka matsalar ba ta Bahaushe kaɗai ba ce.

Gyaran na mai karatu ba shi da wuya ga wanda ke da kayan aiki. Na'urar karanta littattafai ta Kindle, ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a 2007, ta daɗe ba ta yarda a ƙara mata haruffa ba sai ta hanyar fasa tsaron manhajarta. A 2018 aka sabunta ta, aka buɗe ƙofa: a haɗa na'urar da kwamfuta ta kebul, a zuba fayilolin haruffa masu ƙarewa da TTF ko OTF a cikin folda mai suna "fonts", sannan a buɗe littafi a taɓa alamar Aa a zaɓi sabon samfurin. Na'urar Kobo ma haka take, illa dai mutum ne zai ƙirƙiri foldar da kansa. A wayar Android, manhajojin karatu irin su Moon+ Reader da Librera da KOReader suna karɓar haruffan da aka zuba musu. Samfuran da suka dace kuwa kyauta ne, da lasisin da ya halatta a raba su a kuma saka su cikin littafi: Charis SIL da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google. Andika an zana shi ne musamman don masu koyon karatu, yadda harafi ba zai yi kama da ɗan'uwansa ba. Akwai ɗan abin lura da mutane kan manta: kowane samfuri yakan zo da fayil huɗu, na rubutun yau da kullum, da mai kauri, da mai karkata, da mai kauri a karkace. Wanda ya zuba ɗaya kaɗai zai iya ganin jikin labari ya gyaru amma kanun babi bai fito da kyau ba. Haka kuma wannan gyara a cikin littafi yake tsayawa. Jerin sunayen littattafai da sauran rubutun da na'urar ke nunawa da kanta suna amfani da haruffan da kamfani ya kulle, kuma taɓa su yana buƙatar fasa manhaja, abin da kan iya lalata na'urar. Ba shawara ce da za a ba malamin firamare ba.

Adalci ne a faɗi cewa wannan ɓangare na matsalar yana raguwa. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel masu Android na 'yan shekarun nan suna nuna haruffa masu ƙugiya lafiya lau, sai fa idan mai wayar ya sauya zuwa wani rubutun ado, ko manhajar da ya buɗe ta zo da nata samfurin maras ƙugiya, ko kuma ƙaramar waya ce mai madannai. Wannan ci gaba shi ne ma ya tona inda ainihin ciwon yake. Wayar da ke iya nuna ƙ ba za ta nuna ta ba idan marubuci k ya buga. Babu samfurin haruffa a duniya da zai mayar da "kasa" zuwa "ƙasa", domin lambar da ke cikin fayil ɗin ta k ce, kuma na'ura ba ta san abin da marubuci ya nufa ba.

Yadda muka iso nan yana da dalilai na gaskiya, bai kamata a ce lalaci ne kawai ba. A zamanin tafireta, mai bugu yakan buga k da d da b, sannan a bi da biro ana lanƙwasa kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta shigo, manhajojin farko ba su da gurbin haruffanmu, sai masu kishi suka nemi dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfuran Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima mai yawa a jami'o'i da maɗaba'u. Dabarar da irin waɗannan samfura suka bi ita ce a ɗauki madannin da Hausa ba ta buƙata, kamar baka-biyu ko q da x da v, a ɗora masa zanen harafi mai ƙugiya. A kwamfutar da ke da samfurin komai yakan fito tsaf, a takarda ma haka. Amma lambar da ke ƙarƙashi ba ta sauya ba, tana nan a matsayin } ko q, don haka da zarar fayil ya bar wannan kwamfuta ya shiga waya sai asiri ya tonu. Kundayen digiri da maƙalu da littattafai masu ɗimbin yawa suna nan kwance a wannan hali. Sannan saƙon tes ya ƙara nasa: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan haruffan Turanci ne zalla, amma da an sa ƙ guda ɗaya sai tsarin ya sauya, saƙon ya koma ɗaukar 70 kacal. Wato a aikace an riƙa cajin mutum ƙarin kuɗi don ya rubuta harshensa daidai. Wanda ya girma a haka ba abin mamaki ba ne ya ɗauka ƙugiya ado ce. Sai dai duk waɗannan uzurori sun ƙare. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma da an zaɓe ta haruffan suna nan a yatsa. A kwamfuta akwai Keyman, kyauta. WhatsApp ba ya cajin kowa bisa yawan harafi. Abin da ya rage sabo ne, kuma sabo ana iya sauya shi.

Yana da kyau a tuna cewa ƙugiyar nan ba daga sama ta faɗo ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ba a daidaita yadda za a nuna waɗannan sautuka ba, aka yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da alamar ɗauri a gefensa. A shekarun 1930, ƙarƙashin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka rungumi haruffa masu ƙugiya da Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Landan ta ba da shawara a kansu. A wannan zamani ne aka yi gasar 1933 wadda Abubakar Imam, yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma da Ganɗoki, kuma a 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. A lokacin kowane harafi ɗan ƙarfe ne da sai an zuba shi an jera da hannu, duk da haka aka samar da su. Taron UNESCO na Bamako a 1966 da taron Yamai na 1980 sun sake tabbatar da su domin Hausar Nijeriya da ta Nijar su kasance a kan rubutu kusan ɗaya, bambancin da ya fi fitowa fili shi ne mu muna rubuta 'y su suna rubuta ƴ. Abin da aka iya da ƙarfe da injin hannu a Zariya fiye da shekara tamanin da suka wuce, babu hujjar a ce ya gagara a zamanin da danna harafi ɗaya ya wadatar.

Za a ce, kuma ana faɗa, ai Bahaushe yana gane abin da ake nufi ko babu ƙugiya. Ga shi ma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma ana karantawa lafiya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin babban mutum da ya ƙware yakan cike gurbin daga ma'anar jimla. Amma hujjar tana juyowa kan mai ita. Tun da rubutunmu ya riga ya bar wa mai karatu aikin gano kari da tsawon wasali da kansa, cire ƙugiya ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya ɗauki nauyi. Kalmar "fada" a rubuce tana iya zama fadar sarki, kuma "faɗa" tana iya zama rigima ko furtawa ko afkawa cikin rami. Idan aka share ƙugiyar, duka sun taru a rubutu ɗaya. Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne yaro ɗan aji biyu da ke koyon haɗa baƙi da wasali. Duk koyarwar karatu ta zamani, irin wadda shirin RANA ya gudanar da Hausa a makarantun firamare na jihohin Katsina da Zamfara tare da UNICEF, ta ginu ne a kan cewa kowane sauti da harafinsa. Malama ta koya wa yaro cewa ɗ daban take da d, ya koma gida ya buɗe labari a wayar yayarsa ya tarar babu bambanci, to me zai riƙe? Haka ɗalibin da zai zauna jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO, inda ƙa'idojin rubutu ke da maki, idonsa ya saba da abin da za a rage masa maki a kansa. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: na'ura ba ta da hankalin cike gurbi. Mai neman kalmar "ƙauye" a cikin littafi ba zai same ta ba idan an rubuta "kauye" ko "qauye". Manhajar da ke karanta rubutu da murya, wadda makaho zai fi kowa amfana da ita, abin da aka rubuta za ta furta. Kuma manhajojin fassara da ake ginawa yanzu daga rubutun da muka zuba a intanet suke koyo, kurakuranmu da komai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na halin da yankin ke ciki. Mutumin Damari ko Machika ko Maibakko, wanda ke fargabar zuwa gona, wanda garinsa ke maƙwabtaka da dazukan da suka haɗe da Birnin Gwari, ina ruwansa da lanƙwasar kan harafi? Kuma wa ya mallaki Kindle a Sabuwa? Tambayar ta biyu amsarta a fili take: ƙalilan ne ƙwarai, kuma na'urar karatu ta wannan yanki ita ce waya. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2014 kan karatu ta wayar hannu, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 7 har da Nijeriya, ya riga ya nuna cewa inda littafin takarda ya yi ƙaranci waya ce ke maye gurbinsa. Duk abin da aka faɗa game da Kindle ya hau kan waya daidai. Tambayar farko kuwa, babu mai hankalin da zai auna harafi da rai. Amma a duba abin da rashin tsaro ya yi wa karatu a wannan yanki. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda, kuma gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume, aka shafe kusan wata uku a haka. A irin wannan lokaci, yaron da makarantarsa ke rufe kuma wayar gidansu ba sabis, abin da ke cikin memori shi ne ɗakin karatunsa. Ba zai iya sauko da samfurin haruffa ba, ba zai iya tambayar kowa a intanet ba. Littafin da ya dogara da mai karatu ya je ya nemo haruffansa ya gaza a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wurin da malami ya yi ƙaranci shi ne wurin da ya fi buƙatar littafin da ya zo a kammale.

Hanyar kammala shi kuwa sananniya ce. Tsarin littafin lantarki da ake kira EPUB yana ba da damar a saka samfurin haruffa a cikin littafin kansa, yadda duk inda fayil ɗin ya je haruffansa na tare da shi, kamar matafiyin da ya ɗauki guzurinsa. Nauyin da yake ƙarawa bai kai na waƙa ɗaya da ake turawa a waya ba. Kindle ma tana da zaɓin nuna haruffan da maɗaba'a ta saka, kuma tun 2022 tana karɓar EPUB ta hanyar aika mata. Wasu za su ce ai PDF ya daɗe yana yin wannan. Gaskiya ne, PDF yakan riƙe haruffansa, shi ya sa ya fi aminci wajen nuna ƙugiya. Amma shafinsa a daskare yake, an tsara shi don faɗin takarda, kuma wanda ya taɓa karanta shi a ƙaramar waya ya san wahalar ja hagu da dama a kowane layi. Idan kuma da tsohon samfuri aka buga shi, ido zai ga "ƙasa" amma da an kwafo ko an bincika sai "}asa" ta dawo. Wanda aka ɗauki hoton shafukansa kuwa ya fi kowanne nauyi, kuma ba a iya binciken komai a ciki. PDF yana da amfani ga abin da za a buga a takarda, amma ga karatun waya EPUB mai ɗauke da haruffansa ya fi. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: manhajar Bloom, da ake haɗa littattafan yara da ita a harsuna da yawa har da Hausa, da Andika take zuwa tun asali, don haka mai haɗa littafi ba ya ma tunanin matsalar.

Ajami ya fi boko shan wuya a wannan fage, kuma a gari irin Damari, inda yara da yawa ke fara sanin harafi a makarantar allo, ba ƙaramin lamari ba ne. Rubutun da almajiri ya saba da shi na ruwayar Warshu ne: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala da ke ba da sautin e, ga kuma haruffan da Hausa ta ƙara don sautukan da Larabci ba shi da su. Samfurin Larabcin da ke zuwa a waya na Gabas ne, a siffa da kuma wurin ɗigo. Unicode ta ƙara haruffan fa da ƙaf da nun na Afirka a 2016, kuma SIL ta fitar da samfurin Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu na Kano, da Harmattan don Ajamin Afirka ta Yamma. Kayan aiki sun samu ke nan. Amma kusan babu wayar da ke zuwa da waɗannan samfura, saboda haka duk wanda zai fitar da waƙoƙin Nana Asma'u ko wani littafin fiƙihu na Ajami a matsayin rubutun da za a iya bincika, tilas ya saka haruffan a ciki, in ba haka ba mai karatu akwatuna zai gani jere.

Aikin da ke gaba ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, yana buƙatar a mayar da shi ƙa'ida. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Katsina da Ma'aikatar Ilimi suna iya sa sharaɗi a duk kwangilar littafi ko na'urar karatu: rubutu ya kasance da lambobin Unicode, haruffa su kasance a cikin fayil, kuma kafin a karɓi kaya a buɗe shafi mai ɗauke da Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ da ₦, a sirara da kaurara, a kan na'urar da babu sabis. Gwaji ne na minti biyar. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna iya daina karɓar kundin da aka buga da tsohon samfuri, su kuma sa ɗalibai juya tsofaffin, domin aikin bai wuce a ce wa kwamfuta ta musanya kowace } da ƙ ba, sannan mutum ya bi ya tace. Wanda aka share ƙugiyarsa gaba ɗaya ne ke buƙatar a zauna a bi shi kalma bayan kalma, shi ya sa ya fi arha a rubuta daidai tun farko. Masu cajin waya da ke tura littattafai su ma suna da rawar takawa, tun da su ne maɗaba'a da kantin littattafai na ƙauye a yau: ajiye fayilolin Andika da Alkalami da manhajar karatu guda a kwamfutarsu zai wadatar da unguwa.

Kaso mafi girma yana hannun marubuta, musamman mata da matasan da ke rubuta labarai babi-babi a waya suna rabawa a WhatsApp da Wattpad, domin su ne aka fi karantawa, kuma daga gare su ƙannenmu ke ɗaukar yadda Hausa take a rubuce. Ya ku marubuta, ku shiga saitin allon rubutun wayarku ku ƙara Hausa, ku rubuta babi na gaba da ɓ da ɗ da ƙ a inda suka dace. Ku kuma masu tace littafi da masu buga shi, kada ku saki fayil sai kun buɗe shi a wayar da ba taku ba, kun kashe data, kun ga kowane harafi ya fito.